Aflatoksin, sunan da aka raɗa bayan mutuwar talotalo

Ranar Litinin da ta wuce na kai ƙuliƙulin da aka aiko mini daga gida zuwa ɗakin shan shayi na wurin aikinmu a nan Ingila, wani ɗan ƙaramin ɗaki mai taga guda da ruwan sama ba ya gajiya da bugawa, inda kowa yake da kofinsa da sunansa a jiki, kuma ba mai taɓa abincin wani sai an yi masa tayi. Wata abokiyar aikina ta ɗauki guda, ta jujjuya shi, ta tambaye ni ko an gwada shi an tabbatar babu aflatoksin a ciki, wato gubar da wata funfuna take samarwa a jikin gyaɗa da masara, sannan ta mayar da shi cikin kwano. Abin ya sosa mini rai ƙwarai, har na kwana ina bin asalin kalmar.

Ashe daga gutsattsarin kalmomi uku aka harhaɗa ta. Harafin farko daga Aspergillus yake, sunan da wani masanin tsirrai ɗan Italiya, Pier Antonio Micheli, ya ba wannan jinsin funfuna a 1729, saboda a madubin ƙara girma ta yi masa kama da abin yayyafa ruwa a coci. Gutsuren tsakiya daga flavus ne, wato ruwan ɗorawa da Latinanci, na ƙarshe kuwa guba yake nufi.

Abin da ya fi tsaya mini shi ne lokacin da aka raɗa sunan. Sai da talotalo kimanin 100,000 suka mutu a Ingila a 1960, bayan an ciyar da su tunkuzar gyaɗa da aka shigo da ita daga Barazil, sannan aka tashi haiƙan aka gano gubar. Daga Barazil fa, amma yau ƙuliƙulinmu ake yi wa kallon tuhuma.

Ban musanta haɗarin ba, domin gubar tana jawo sankarar hanta, kuma a 2004 ta kashe mutum 125 a Kenya ta hanyar masara. Na kuma yarda cewa ido ba ya ganinta kowane lokaci. Sai dai ban yarda a ɗauka cewa kafin a samo wannan suna ba mu san komai ba. Mahaifiyata ba ta taɓa jin kalmar ba, amma ba ta soya gyaɗa sai ta shanya ta ta bushe ƙarau, ta zauna da faifai a cinya tana tsince duk ƙwayar da ta yamushe ko ta sauya launi. Da hannunta ta yi wannan ƙuliƙulin da aka mayar cikin kwano.