Cin rani ko cin shekara?

Makon jiya, bayan sallar isha'i, ɗan yayata ya zo ya tsuguna a bakin tabarmata yana ta sosa ƙeya. Na san da magana a bakinsa. Da ƙyar ya ce, "Kawu, dama kuɗin mota nake so a taimaka mini da shi, zan bi abokaina Legas." An gama yankan gero, dawa ta shiga rumbu, an kammala roron wake, yaro ɗan shekara 19 ya duba gabas ya duba yamma bai ga abin yi ba daga nan har faɗuwar ruwa. Ban ce masa to ba, ban kuma hana shi ba. Na ce ya dawo jibi. Abin da na kwana biyu ina juyawa a raina shi zan zube muku a nan, don na san a wannan watan gidaje da yawa wannan zancen ake yi.

Ni dai ba na cikin masu zagin 'yan ci-rani. Akwai wasu a nan Facebook, da zarar sun ga hoton samari a saman tirela sai su hau cewa ana zubar mana da mutunci a Kudu. Malam, wane mutunci? Mutumin da ruwan sama yake ba shi aikin wata huɗu zuwa biyar a shekara, ragowar watannin me kake so ya yi? Ya zauna a gindin darbejiya yana cin abin da ke rumbu har ya ƙare tun kafin shuka? Sunan abin ma ya faɗi hikimarsa: ka je ka cinye rani a wani wuri, hannunka ya fita daga kwanon gida, hatsin ya kai iyali damina. Kuma fita nema ba yau muka fara ba. Kakanni sun taka har Gwanja saboda goro, unguwar Sabo ta Ibadan tun 1916 take, 'yan'uwanmu na Tawa a Nijar kuwa har Abijan suke dangana.

Ni ma na je. Shekarar da na gama sakandare na bi wani ɗan garinmu Agege, na yi ga-ruwa wata biyar. Wanda bai taɓa tura kura ba zai ɗauka wasa ne. Jarka 12, kowace lita 25, kilo 300 ke nan ban da nauyin kurar kanta, a kan titin da rabinsa rami ne, ga 'yan danfo suna yi maka hon kamar ka kashe musu uba. In ka isa, uwar gida ta leƙo daga bene hawa uku ta ce a kai sama. Ka ɗauki biyu-biyu, hannun jarkar yana yanka maka yatsu, ka hau ka sauko sau shida. A makon farko tafin hannuna ya yi ƙuraje ya fashe, ko alwala sai ina cije baki. A wata na biyu ya yi kanta, ban ƙara jin komai ba. Mu takwas muke kwana a wani shago da da rana ake ɗinki a cikinsa, sai tela ya tashi mu shimfiɗa kwali.

Duk wannan ban yi nadamarsa ba. A can na fara sanin darajar naira, a can na tsinci ɗan Yarbancin da har yau nake cin kasuwa da shi. Abin da ya ba ni mamaki lissafi ne. Kuɗin da ke shiga hannuna a wuni ɗaya ya fi abin da nake gani a mako a gida, har na fara ƙidaya awakin da zan saya. Ashe birni da hannun dama yake ba ka, ya karɓe da na hagu. Kurar ba tawa ba ce, kullum sai na ba mai ita balas. Ruwan sayensa nake yi a wurin mai burtsatse. Masu karɓar kuɗin tikiti suna nan a bakin layi, ba ruwansu da ka yi ciniki ko ba ka yi ba. Wanka kuɗi, bayan gida kuɗi, cajin waya kuɗi. Ɗan abin da ya rage nake kai wa wani dattijo ajiya yana rubutawa a littafi. Da na tashi tafiya aka shiga gobe, jibi, kaya ba su iso ba. Kashi biyu cikin uku na karɓa, ragowar har yau ana kawowa. Yaran yanzu sun huta da wannan, tunda ga asusu a waya ga masu POS a kowane lungu, sai dai wayar da ke ajiye kuɗin ita ce kuma take da cacar ƙwallo a ciki.

To ina matsalata take? A dawowa take. Cin ranin da na sani yana da ƙofar shiga da ƙofar fita. Ana fita bayan kaka, da an ji iskar bazara ta juyo, hadari ya fara haɗuwa, sai ka ga tasha ta cika, kowa da ƙunshin tsaraba da kuɗin taki. A yi sharar gona, a jira ruwan shuka. Yanzu kuwa ka shiga ƙauyukanmu a tsakiyar Yuli ka ga su wa ke noman farko: tsofaffi da yara 'yan firamare. Wanda ya ce wata huɗu zai yi ya shekara uku, matarsa ta haihu an yi suna an yaye bai ga ɗan ba sai a hoton WhatsApp. In ka tambaya a ce ai yana turo kuɗi. Yana turowa, amma buhu nawa kuɗin ke saya in an kwatanta da abin da gonar da ya bari ta yi saura za ta bayar? Kuma yawanci ba daɗin birni ne ke riƙe su ba, kunya ce. Bai tara komai ba, ba ya so ya shigo gari hannu rabbana alhali sa'ansa ya dawo da babur. Sai ya ce bari in ƙara wata ɗaya. A haka damina take wucewa.

Sannan sana'ar da ta fi jan samari, wato acaba, ƙasa tana ta zamewa a ƙarƙashinta. Abuja ta kore ta daga tsakiyar birni tun 2006 zamanin Nasiru El-Rufa'i, Kano ta hana a Janairun 2013 bayan harin da aka kai wa marigayi Sarki Ado Bayero, Legas kuma daga 1 ga Yunin 2022 Gwamna Sanwo-Olu ya haramta ta a ƙananan hukumomi shida, ciki har da Ikeja da Surulere da Apapa, daga baya aka ƙara wasu. Babur ɗin da aka kama murƙushe shi ake yi. Ka yi tunanin yaron da ya sa aka sayar da sa aka saya masa babur. Ga cire tallafin mai na Mayun 2023 da ya sa kuɗin mota ya yi tashin gwauron zabo, wanda shi ne ma dalilin da ake hawa saman buhunan albasa da kan shanu. Ba na son in tsorata kowa, amma rikicin kasuwar Shasha a Ibadan a Fabrairun 2021 da mafarauta 16 da aka kashe a Uromi a Maris ɗin 2025 suna hanyar komawa gida yin salla, duk wanda zai fita ya kamata ya san da su. Allah ya ji ƙan waɗanda suka rasu.

Na san wani zai ce, kai da kake cewa a dawo gona, mutumin Zamfara ko kudancin Katsina ko gabashin Sakkwato wace gonar zai dawo? Gaskiyarka. Wanda 'yan bindiga suka sa wa haraji kafin ya girbe abin da ya shuka ba ɗan ci-rani ba ne, gudun hijira ya yi, kuma ba da shi nake ba. Ina magana ne da mu da Allah ya rufa wa asiri, gonakinmu suna nan lafiya lau. Mu ɗin ma da an yi mana abin da Audu Bako ya yi da madatsar Tiga, da rabin samarin ba su fita ba. Je ka Kura ko Kadawa a watan Janairu ka gani, ana ta fama da tumatir da albasa da alkama, wasu ma can suke zuwa cin ranin.

Da yaron ya dawo jibin, na sa aka kira uwarsa ta zauna. Na tambaye shi wurin wa zai sauka, ya faɗa, na kira mutumin a gabansa muka gaisa. Na tambaye shi me zai je nema, ya ce kuɗi. Na ce kuɗi ba amsa ba ce, kuɗin me? Ya yi shiru, can ya ce taki buhu biyu da tunkiya. Na ce yauwa, wannan ana iya ƙirga shi. Na ba shi kuɗin mota ta sosai mai kujera, na ce ban yarda da saman tirela ba. Kuɗin dawowa kuma na damƙa wa uwarsa, na ce ranar da aka fara sharar gona za a tura masa, ya samu ko bai samu ba, ya taho, babu wanda zai yi masa dariya a gidan nan.

Ya ce, "To Kawu, in kuma kasuwa tana ci a lokacin fa?" Na ce gonar ubanka ma a lokacin take ci.

Ranar Alhamis ya tafi. Ya kira ni da daddare daga Mokwa, ya ce sun tsaya cin abinci, an sayar masa da shinkafa ɗan cokali uku a kuɗin da a gida zai ci ya ƙoshi har ya rage. Na ce ya rubuta a takarda, lissafin ya fara ke nan.