Digirin Digirgir a Fannin Shugabancin Ma'aikatu: Me Ake Zuwa Nema?

A 'yan shekarun nan jami'o'i da dama sun buɗe karatun digirin digirgir a fannin shugabancin ma'aikatu da ƙungiyoyi, kuma galibin masu shigarsa ba matasan da suka fito daga digiri na biyu kai tsaye ba ne. Manyan ma'aikata ne da suka daɗe suna riƙe da mutane: shugabannin makarantu, daraktocin asibitoci, manajojin kamfanoni, tsofaffin hafsoshin soja da jagororin ƙungiyoyin agaji. Ina girmama himmar duk wanda ya kai wannan matsayi sannan ya yarda ya koma ɗalibi, amma ina ganin akwai wata magana da ba a cika faɗa musu ba kafin su cika fom. Wannan digiri ba ya mayar da mutum shugaba, kuma ba domin haka aka kafa shi ba. Aikinsa shi ne ya horar da mutum ya binciki yadda shugabanci ke gudana a cikin ma'aikata, ya kuma iya rarrabe abin da hujja ta tabbatar daga abin da ake ta maimaitawa a tarukan ƙara wa juna sani har kunne ya saba da shi.

Digirin iri-iri ne. Akwai PhD, wanda ya samo asali daga tsarin jami'ar bincike ta Jamus, musamman jami'ar Berlin da aka kafa a 1810, inda ake buƙatar ɗalibi ya ƙara wa ilimi wani abu da ba a sani ba. Akwai kuma digirorin da aka tsara domin masu aiki, irin su EdD na fannin ilimi wanda jami'ar Harvard ta fara a farkon shekarun 1920, da DBA na harkar kasuwanci, waɗanda suka fi karkata ga warware wata matsala ta zahiri a wurin aiki. Ban ga dalilin raina ɗaya a fifita ɗaya ba, muddin an yi shi da gaskiya, domin dukkansu suna ƙarewa ne da kundin bincike da za a kare a gaban malamai.

Abin da ya fi jan hankalina a tarihin wannan fanni shi ne yadda kowane babban mataki da ya ɗauka ya zo ne ta hanyar rushe wani abu da kowa ya riga ya yarda da shi. Shekaru da yawa ana ɗauka cewa shugaba haifarsa ake yi, wato akwai wasu halaye, kamar kwarjini da kaifin basira da iya magana, waɗanda duk mai su zai jagoranci jama'a a ko'ina. A 1948 Ralph Stogdill na jami'ar Jihar Ohio ya tattara bincike fiye da 120 da aka yi a kan waɗannan halaye, ya nuna cewa mallakarsu kaɗai ba ta isa ba, domin wanda ya yi fice a wani yanayi yana iya gazawa a wani. Daga nan hankali ya koma ga abin da shugaba yake aikatawa da kuma yanayin da ya sami kansa a ciki. A 1970 Robert Greenleaf, wanda ya shafe kusan shekaru 40 yana aiki a kamfanin sadarwa na AT&T, ya kawo ra'ayin shugaba a matsayin mai hidima ga na ƙasa da shi. A 1978 James MacGregor Burns ya bambanta shugabancin ba-ni-gishiri-in-ba-ka-manda, inda ake musayar aiki da lada, da shugabancin da ke ɗaga burin mabiya ya sauya su, sannan Bernard Bass ya faɗaɗa wannan a 1985 har aka samar da takardar tambayoyin da ake auna shi da ita. Duk ɗalibin wannan fanni zai haddace waɗannan sunaye a shekararsa ta farko, kuma a nan ne da yawa suke tsayawa.

To amma binciken da ya fi burge ni, kuma wanda nake fatan kowane ɗalibi ya yi koyi da shi, aikin wani ɗalibin digirin digirgir ne ɗan ƙasar Kanada mai suna Henry Mintzberg, wanda ya kammala karatunsa a jami'ar MIT ta Amurka a 1968. Tun daga 1916, lokacin da Henri Fayol na Faransa ya rubuta cewa aikin manaja shi ne tsarawa da shiryawa da ba da umarni da daidaitawa da sa ido, ake koyar da ɗalibai haka kamar karatun da ba ya karɓar tambaya. Mintzberg bai aika wa kowa takardar tambayoyi ba. Ya nemi izinin shugabannin ma'aikatu biyar, ya zauna kusa da kowannensu mako guda, yana rubuta duk wayar da aka buga, duk wasiƙar da ta shigo, duk wanda ya leƙo ofis, da tsawon lokacin da kowane abu ya ci. Abin da ya gano shi ne rabin ayyukan waɗannan manyan mutane ba sa kai minti tara kafin wani abu ya katse su, kuma kashi ɗaya cikin goma ne kawai yake wuce awa guda, sannan mafi yawan lokacinsu yana tafiya ne a magana da mutane, ba a zaman nazari da tsara dabaru ba. Da ya tambaye su da baki yadda suke tafiyar da ranarsu, ina kyautata zaton da abin da ke cikin littattafai za su karanto masa, ba don ƙarya ba, sai don haka suke ganin kansu.

Haka kuma labarin Amy Edmondson, wadda tana ɗalibar digirin digirgir a Harvard a farkon shekarun 1990 ta shiga wani bincike a kan kurakuran ba da magani a asibitoci. Hasashenta shi ne sassan da ma'aikatansu suka fi haɗin kai da kyakkyawan jagoranci za su fi ƙarancin kurakurai. Da alƙaluma suka fito sai suka nuna akasin haka: sassan da suka fi kyawun jagoranci su ne suka fi yawan kurakurai a rubuce. Ɗalibin da yake gaggawar karɓar takardar shaida zai iya ɓoye wannan sakamako ko ya murɗa shi, amma ita sai ta tsaya ta tambayi kanta ko waɗannan sassa sun fi yin kuskure ne, ko kuwa sun fi faɗin kuskuren da suka yi. Aka tura wani mai bincike ya zauna a sassan ya lura da yadda ma'aikatan jinya ke magana da shugabanninsu, sai ya tarar cewa a wasu wuraren ana kai rahoton kuskure ba tare da fargaba ba, a wasu kuma kowa yana rufe nasa domin tsoron abin da zai biyo baya. Daga nan ne ra'ayinta na kwanciyar hankalin ma'aikaci wajen faɗin gaskiya ya taso, wanda ta ƙarfafa da binciken rukunonin ma'aikata 51 a wani kamfani a 1999. A ganina wannan shi ne ainihin abin da digirin ke koyarwa, wato jure wa sakamakon da ya ƙaryata ka, da komawa wurin aikin domin gano dalili.

Abin da ke damuna shi ne yawancin kundayen da ake rubutawa a wannan fanni ba su bi wannan hanya ba. Tsarin da aka fi sabawa da shi shi ne ɗalibi ya ɗauko takardar tambayoyin da wasu suka tsara shekaru da dama da suka wuce, ya raba wa ma'aikata, ya tambaye su ko shugabansu yana zaburar da su, a takarda guda kuma ya tambaye su ko suna jin daɗin aikinsu, sannan ya zuba amsoshin a kwamfuta ta nuna masa cewa akwai dangantaka tsakanin biyun, shi kuma ya rubuta cewa shugabanci nagari yana haifar da gamsuwar ma'aikata. Amma mutum ɗaya ne ya amsa tambayoyin biyu a zama ɗaya, kuma wanda yake son shugabansa zai yaba komai, wanda ransa ya ɓaci zai kushe komai. Tun a 1975 Barry Staw ya nuna haɗarin wannan: ya ba wasu rukunonin ɗalibai aiki, sannan ya faɗa wa wasu cewa sun yi ƙoƙari, wasu kuma cewa sun gaza, ba tare da la'akari da ainihin abin da suka yi ba, sai waɗanda aka yaba suka bayyana rukuninsu da haɗin kai da fahimtar juna, waɗanda aka kushe suka faɗi akasin haka. Sakamakon ne ya rina tunaninsu game da abin da ya gudana. A 1985 James Meindl da abokan aikinsa suka ƙara nuna cewa mutane suna da saurin jingina nasara ko faɗuwar ma'aikata ga shugaba, musamman idan nasarar ko faɗuwar ta yi girma. Kafin su ma, a 1972, Stanley Lieberson da James O'Connor sun bi tarihin manyan kamfanoni 167 na tsawon shekaru 20, suka tarar cewa irin sana'ar da kamfani yake yi da yanayin kamfanin kansa sun fi bayyana bambancin ciniki da riba fiye da sauyin shugaba. An yi ta muhawara a kan hanyar lissafinsu, kuma ni ban ce shugaba ba shi da tasiri ba, amma ɗalibin da bai taɓa fuskantar wannan ƙalubale ba bai fara karatun ba tukuna.

Akwai kuma batun cewa ma'aunin da aka ƙera a wata al'umma ba lallai ya auna abu ɗaya a wata ba. Babban binciken GLOBE da Robert House ya jagoranta, wanda ya tattara amsoshin manajoji kimanin 17,000 daga al'ummomi 62 aka wallafa a 2004, ya nuna cewa riƙon amana da hangen nesa ana yaba su kusan ko'ina, amma wasu halaye, kamar shugaba ya riƙa yanke hukunci shi kaɗai ko ya nuna fifikon matsayinsa, abin yabo ne a wani wuri, abin ƙi a wani.

Ga babban ma'aikacin da ya shiga wannan karatu, jarrabawa mafi wuya ita ce ta kansa. Ya zo da shekaru na gogewa, kuma gogewar dukiya ce, domin ya san tambayoyin da matashi ba zai taɓa tunaninsu ba. Sai dai sau da yawa yakan zo da amsarsa a aljihu, yana neman kundin da zai tabbatar da cewa salon da ya bi a rayuwarsa shi ne daidai. Idan kuma ya zaɓi ya binciki ma'aikatar da yake shugabanta, wanda hakan ke da sauƙi kuma wasu shirye-shiryen ma suna ƙarfafa shi, to ya tuna cewa ma'aikacin da ƙarin girmansa ke hannunka ba zai iya ƙin amsa tambayarka ba, kuma ba zai faɗa maka abin da zai ɓata maka rai ba. Wannan shi ne dalilin da ya sa kwamitocin ɗa'ar bincike ke tsananta wa irin wannan aiki, kuma ina goyon bayansu ɗari bisa ɗari, domin yardar da aka bayar cikin tsoro ba yarda ba ce, bayanan da aka tara ta wannan hanya kuma ba abin dogaro ba ne.

Lokaci ma abin dubawa ne. A Ingila karatun yakan ɗauki shekaru uku zuwa huɗu ga wanda ba ya wani aiki, a Amurka kuma yakan fi haka saboda darussan aji da babbar jarrabawar da ake yi kafin a fara kundi. Majalisar makarantun gaba da digiri ta Amurka ta wallafa a 2008 cewa kimanin kashi 57 cikin ɗari ne kawai na masu fara PhD suke kammalawa cikin shekaru goma. Da yawa suna cin darussan aji ba tare da wahala ba, domin akwai jadawali da malami da abokan karatu, amma da zarar an bar su su kaɗai da kundi, ga aiki ga iyali, sai tafiyar ta tsaya. Abin da ke riƙe mutum a wannan mataki shi ne tambayar da ta dame shi da gaske, da malamin da ke duba aikinsa wanda yake karantawa ya mayar da gyara a kan lokaci. Sha'awar a kira mutum Dakta ba ta da ƙarfin da za ta zaunar da shi yana sake rubuta babi na uku karo bayan karo.

Saboda haka, 'yan uwa masu niyyar wannan karatu, kafin ku duba kyawun tallar shiri ko alkawarin kammalawa cikin gaggawa, ku tabbatar hukumar da ke tantance jami'o'i ta amince da shi, sannan ku nemi kundayen da sashen ya yaye a shekarun baya-bayan nan ku karanta wasu daga cikinsu, musamman babin da ke bayanin hanyar bincike. Ku duba ko ɗaliban sun shiga ma'aikatu sun ga aiki da idonsu, ko sun auna sakamako daga wata majiya dabam da bakin waɗanda suka yaba shugaban, ko akwai wanda ya rubuta a fili cewa hasashensa bai tabbata ba kuma aka bar shi ya kare kundin a haka. Ku kuma tambayi malamin da kuke son ya duba aikinku ɗalibai nawa ke hannunsa a yanzu, da nawa ya kai ga kammalawa, da kuma abin da shi kansa yake bincike a kai a halin yanzu.