Jinin nan ba mu muka yi shi ba

Jiya da la'asar na je dubiya wani asibiti nan Garwa. Wata yarinya da ba ta wuce shekara uku ba, zazzaɓin cizon sauro ya shanye mata jini, tafin hannunta fari fat, tana numfashi sama-sama. Likita ya ce a nemo jini. Kafin a ce haka maza sun cika baranda, ana ta "Allah Ya ba da lafiya". Da aka ce wa zai ba da hannu, wannan ya tuna bai rufe shago ba, wancan wayarsa ta yi ƙara. Uwar kaɗai aka bari, ita kuma da goyo.

Haba 'yan uwa! Kun san abin da yarinyar nan take roƙo?

A cikin jajayen ƙwayoyin jini Allah Ya sanya wani abu da likitoci ke kira himoglobin. Kowane ɗaya yana da mazaunin sinadarin ƙarfe guda 4, kowane mazauni yana riƙe oksijin ɗaya, wato sinadarin da jiki ke bukata daga iskar da muke shaƙa. In jini ya biyo ta huhu sai ya ɗauka, in ya isa ƙwaƙwalwa ko zuciya ko tsoka sai ya saki, ya koma ɗauko wani. Jajayen ƙwayoyin nan su ne 'yan dakon jiki. Ƙwayar zazzaɓi kuwa cikin jajayen nan take shiga ta farfasa su. Iska na nan cike da ɗaki, yarinya na shaƙa, amma babu mai kai ta inda ake bukata. Shi ya sa take haki. Ƙarin ruwa ba ya wannan aiki, kuma babu masana'antar da ke yin jinin da za a ƙara mata. Daga jikin ɗan Adam kawai yake fitowa.

Kai kuma da kake zamewa, kusan lita 5 kake yawo da shi. Leda ɗaya mililita 450 ce. Ɓargonka na yin sabbin ƙwayoyi kusan miliyan 2 kowace daƙiƙa, ko kana barci, ba ka taɓa biyan ko sefa ɗaya ba. Waɗanda kake rowarsu ma kwana 120 ne wa'adinsu, ka bayar ko ka hana.

Wani ya ce ƙarfinsa zai ragu. Wani tsoron allura, ƙato da shi. Wani kuma gwajin cututtuka da ake yi kafin a ɗibi jini yake gudu, to wannan na tausaya masa, amma sani ya fi. In likita ya ce ba za ka iya ba, ka fita. Kai dai kada ka yanke wa kanka hukunci daga baranda.

Muna rige-rigen kai shinkafa gidan makoki, madalla, akwai lada. To me ya sa hannunmu ke nauyi tun mutum na da rai? Ga masu haihuwa da jini ya ɓalle musu, ga yaranmu masu sikila, ga waɗanda babur ya kayar. Damina ta kankama, sauro ya yi yawa.

Don Allah, in aka ce jini, tsaya. Malam, Alhaji, ƙanena mai lafiya, don girman Allah ka naɗe hannun riga ka shiga a gwada ka.