Yaron Shago Mai Furfura

Gab da ƙaramar sallah na shiga wani shagon atamfa a ɗaya daga manyan kasuwannin Kano. Wanda ya sauko min da kaya mutum ne da furfura ta fara cin gemunsa. Da taɓawa kawai yake gane wadda za ta zuba da wadda za ta jure wanki. Da muka zo kan farashi na nemi ragin da bai taka kara ya karya ba, sai ya ce, "Malam, ka ɗan jira, Alhaji ya je masallaci." Cikin hirar jiran ne ya gaya min shekararsa ashirin da ɗoriya a shagon. Har yau ba shi da ikon rage naira ɗari biyar, kuma har yau sunansa a layin "yaron Alhaji".

Tun ranar nake tambayar kaina, da me muke auna ubangida? Mun saba auna shi da yawan masu cin tuwo a zaurensa da masu zubewa gaisuwa idan ya fito. Ni kam ina ganin mudun da ya kamata shi ne: mutum nawa suka tashi daga gindinsa suka tsaya da ƙafafunsu?

Kada a ce na yi wa iyayen gida rashin adalci. Ubangidan Bahaushe yana ɗawainiyar da wani mai kamfani ba zai ko yi mafarkinta ba. Shi ke aurar da yaro, shi ke sayen ragon suna, shi ake tasa da tsakar dare in matar yaro ta fara naƙuda, wani ma har kujerar Makka. Duk wannan alheri ne. Amma kyauta ce, ba haƙƙi ba, kuma ba ta zama jari. Wanda aka yi wa aure aka kai shi Makka bakinsa ya yi nauyi, ba zai iya cewa "Alhaji, yaushe za a yaye ni?" ba. Abin da yake matuƙar buƙata, wato sanin inda ake saro kaya, da wa ake magana a Guangzhou ta ƙasar Sin ko Dubai, nawa kwantena ke tasowa kafin ta iso kasuwar Kantin Kwari, wannan yana cikin wayar Alhaji, ita kuma tana aljihun Alhaji.

Ba wai ba mu iya raino ba ne. Alhassan Ɗantata, wanda aka haifa a Bebeji a 1877 ya rasu a 1955, a fataucin goro na Gwanja ya goge, kuma da jirgin ƙasa ya iso Kano kasuwar gyaɗa ta buɗe, ba da hannunsa kaɗai ya tara gyaɗar ba. Kuɗi ya riƙa danƙa wa wakilai suna shiga ƙauyuka suna sayowa. Tattaɓa-kunnensa Aliko Ɗangote a gaban kakansa Sanusi Ɗantata ya tashi, ya kuma fara kasuwanci a 1977 da jarin da ya samu daga dangin mahaifiyarsa. Ashe mun san yadda ake zaunar da matashi a nuna masa hanya, sannan a ba shi abin taɓawa. Matsalar ita ce wannan iyawa tamu sau da yawa a kan jini take tsayawa. Ɗan da aka haifa ana koya masa ciniki, ɗan da aka kawo daga ƙauye ana koya masa shara da ninke yadi.

Ba sai mun je nesa ba, mu leƙa Sabon Gari. Ɗan kasuwar Ibo kan ɗauko yaro bayan an zauna da iyayensa an yanke wa'adi, galibi shekara biyar zuwa bakwai. Yaron ba ya karɓar albashi, yana shan wuya ba kaɗan ba, amma ya san ranar da zai fita, kuma ya san ranar za a sallame shi da jarin buɗe nasa shagon. Haka kasuwannin kayan gyara na Nnewi da Onitsha suka yi ta haihuwa. Su ma suna da nasu azzaluman, waɗanda in wa'adi ya kusa sai su laƙaba wa yaro sata don su tsere wa sallama. Sai dai a wurinsu wannan abin kunya ne da za a kai gaban ƙungiya da dangi. A wurinmu ba ma alkawarin da za a ce an saɓa.

Na san amsar iyayen gida, na sha jin ta: "Yaran yanzu ba amana." Akwai ƙamshin gaskiya a ciki. An ga yaran da aka ba kaya suka ɓace, an ga waɗanda suka janye kwastomomin maigida rana guda. Amma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Mutumin da ya kai shekara arba'in da iyali, ba albashi tsayayye, ba kaso a riba, ba ranar yaye, in ya fara ɗora ɗari biyu a kan kowane turmi yana sokewa, laifi ya yi, ban wanke shi ba. To amma wa ya tsara masa rayuwar da babu ƙofar fita sai ta ɓarauniyar hanya?

Abin takaicin, addininmu ya riga ya shimfiɗa mana tsarin. Malaman fiƙihu sun yi dogon bayani kan ƙiradi: wani ya kawo dukiya, wani ya kawo ƙarfinsa da basirarsa, a ambaci kason kowa a riba tun kafin a fara. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani kan rubuta bashi ta sauka. Mu kuwa da zarar an ce a rubuta sai a ce "Haba, tsakaninmu?" Wannan kunyar mai ƙarfi take amfana, ba ta taɓa amfanar yaro ba. Ranar da Alhaji ya faɗi ya mutu, kafin sadakar arba'in magada sun rufe shago sun ƙirga dila, shi kuma wanda ya riƙe wurin shekara ashirin ba ya cikin masu gado. Da silifas ɗinsa zai fita.

Ciwon bai tsaya a kasuwa ba. A ma'aikatun gwamnati za ka ga darakta ya kulle fayil a durowa ya tafi da makulli, don kada na ƙasa ya iya aikin a ce za a iya yi ba shi. Ya cika shekara 60 da haihuwa ko 35 a aiki ya yi ritaya, ofis ya koma kamar an fara yau.

Da ni ne shugaban wata ƙungiyar 'yan kasuwa, da abu ɗaya zan fara: duk wanda zai ɗauki yaro, a zauna da waliyyinsa da shaidu biyu, a rubuta shekarun hidima da abin sallama, ƙungiya ta ajiye kwafi. Shi kuma maigida ya gwada kansa da tafiyar aikin Hajji. In ya yi wata guda a Makka wayarsa ba ta huta ba saboda ba mai iya yanke farashi, ba yaransa ne suka gaza ba.

Alhajin dai ya dawo daga masallaci, carbi a hannu. Na maimaita tayina. Ya juya atamfar, ya dubi mutumin nan mai furfura ya ce, "Kai, nawa ma muka saro wannan?" Ya raɗa masa. Alhaji ya gyaɗa kai ya ce da ni, "Kawo, Allah ya sa albarka."