Ɗakin da Ango Ya Auna da Baki

A gidanmu idan za a aurar da mace, kowa ya san gonarsa tun kafin a sa rana. Baba ke sayen gado da katifa da kujeru, Umma da ƙannenta su ji da kicin, gwaggonni su riƙe jere. Ni kuma, da yake ni ne babban wa, kuma an taɓa ganina da tef ɗin awo a aljihu, sai aka ɗora mini aikin da kowa ke gudu: ɗauko kaya daga wurin kafinta, kai su gidan amarya, da tabbatar da cewa kowanne ya shiga.

Tun biki da sauran nisa na ce wa ango ya kai ni in auna gidan. Ya ce mai hayar da ke ciki bai tashi ba tukuna, kuma gidan matan aure ne, ba a shiga. "Yaya, kada ka wahalar da kanka. Uwar ɗakin 12 da 12 ce, falon kuwa sai ka buga ƙwallo." Na ce wa ya auna? Ya ce dillali ne ya gaya masa, shi ma kuma ya taka da ƙafarsa. Kafinta yana can 'Yan Katako a Na'ibawa yana jiran lissafi, domin seti irin wannan yakan ci mako 4 zuwa 6 a hannunsa idan aka haɗa da feshi da bushewa. Baba ya ce a ba shi abin da yaron ya faɗa, ai mutum ba ya yi wa gidansa ƙarya.

Gadon da ake cewa 6 da 6, katifar ce take ƙafa 6 kowane ɓangare. Katakon da ke riƙe da ita yana ƙara kamar inci 4 a faɗi, allon kai da na ƙafa su ƙara inci 8 a tsawo. Durowar gefen gado guda biyu ne, kowace ƙafa ɗaya da rabi. Kenan bangon da za a jingina gadon yana bukatar ƙafa 9 da inci 4 babu ƙofa babu komai. Sif zurfinta ƙafa 2, kowane murfi ƙafa ɗaya da rabi, kuma sai ya samu inda zai buɗe. Madubi ya ci ƙafa 3 da rabi. A ɗaki 12 da 12 duk wannan zai zauna lafiya, har amarya ta samu ƙafa 3 da 'yan kai tsakanin gado da sif, wurin shimfiɗa sallaya.

Makulli ya zo hannuna daren Laraba, jere Alhamis, ɗaurin aure Asabar. Da na idar da sallar asuba na wuce gidan, na ja tef. Ƙafa 10. Na juya ɗaya ɓangaren, ƙafa 11, kuma ƙofar banɗaki tana zaune daram a tsakiyar bangon da kafinta ya ƙiyasta wa gado. Na kira ango na karanta masa. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Yaya, ko fentin da aka yi ne ya ci?"

Ban gama neman amsar da ta dace da suruki ba direban Kanta, motar da ta ɗauko kayan, ya kira, wai yana bakin titi, lungun ba zai shigu ba. Maƙwabci ya sauke tifar yashi a daidai kwanar. Sai da muka nemi a-kori-kura tana ɗiba kaɗan-kaɗan, 'yan dako suna ƙara kuɗi a kowane sawu, domin sun ga kayan amarya ne kuma sun ga rana tana yi.

Jere yana da tsari, kuma wanda ya saɓa shi zai yi aiki biyu. Fenti ya bushe tukuna. Sai a huda bango a ɗaura ƙarafan labule, domin ƙurar hudar ba ta barin komai. Sai shara da goge tayil, a bari ya bushe sarai, saboda katakon MDF, wato na garin katako da aka matse, in ya sha ruwa ta ƙasa kumbura yake yi, ba ya komawa. Sai sif, sai gado, sai kujeru, labule a ƙarshe, sannan mata su shigo da kwanuka da zannuwan gado da turaren wuta. Mu kuwa mai labule ya huda rami biyu aka ɗauke wuta. Ina can wurin mai cajin waya ina roƙon aron janareto, sai ga bas ta sauke 'yan jere, Gwaggo Babba a gaba, yara na biye da kwalayen Sabon Gari da robobin Ƙofar Wambai. Kafin in dawo sun cika falo da kaya, wata ta kwarara ruwa a uwar ɗaki tana wanke tayil, allunan sif suna jingine a ciki. Kafinta ya kwashe su da gudu yana salati.

Gwaggo ta tsaya a ƙofa ta dubi ɗakin, ta dube ni.

"Kai ɗan nan, ina sauran ɗakin?"

Na ce, "Gwaggo, iyakarsa kenan."

Ta ce, "To ai sai ka san yadda za ka yi, tunda kai ne mai igiyar awo."

Kafinta ya duba ya ce bango ɗaya ne kawai zai ɗauki gado da durowoyinsa, na yamma. Gwaggo ta ce har abada, 'yarta ba za ta kwana ta miƙe wa gabas ƙafa ba. Aka mayar da kan gadon kudu. A nan durowa ɗaya ce ta samu wuri, ɗayar ta toshe ƙofar banɗaki. Aka haɗa sif a bangon da ke fuskantar gadon, na sake jan tef: gado ƙafa 6 da inci 8, sif ƙafa 2, ya rage ƙafa ɗaya da inci 4. Murfin sif ƙafa ɗaya da inci 6 ne. Yana buɗewa ya daki ƙafar gado ya tsaya, bai ƙarasa buɗewa ba. Da kafinta ya ga ɗakin da idonsa tun farko, da murfi mai zamewa gefe zai yi, a wuce wurin. Soket ɗin ɗakin guda ɗaya tak kuma ya shige bayan sif, sai da aka fasa allon baya aka zaro waya.

Wuta ta dawo wajen azahar. Wata ƙanwar Umma ta ce zafi zai kashe ta, ta kunna fanka, sai muka ji ƙau, ƙau, ƙau. An yi wa ɗakin silin POP wanda ya sauko da rufin zuwa ƙafa 9, fanka da sandarta sun ci ƙafa ɗaya da rabi, sif kuma tsawonta ƙafa 8. Fiffiken yana zuwa yana sarar goshin sif. Maganinsa a rage sandar fankar, amma mai gyaran wuta ya tafi cin abinci, kuma kowa ya san mai gyaran wuta in ya tafi cin abinci sai Allah.

Babban yaƙin a ƙofar falo aka yi shi. Doguwar kujera, mai cin mutum 3, tsawonta ƙafa 7, zurfinta inci 36, tsayin bayanta inci 34. Ƙofar kuwa sunanta ƙafa 3, amma in ka cire ƙarfen gefe da kaurin ƙyaure inci 32 ne ya rage. Dabarar da aka sani ita ce a kwance ƙafafun kujerar, a samu inci 3, a cire ƙyauren, a tsayar da ita, a fara shigar da hannu ɗaya ana murzawa. Ƙafafun sun kwantu. Ƙyauren kuwa na ƙarfe ne, an yi masa walda. 'Yan dako suka ce su gwada haka nan, suka tura, kujera ta shiga rabi ta cije, ba gaba ba baya. Gwaggonni suna ciki, abincin da ango ya aiko yana waje, ni kuma ina tsakiya, kafaɗata a matse tsakanin kujera da bango kamar ɓera a tarko, kowane ɓangare yana ba ni umarni. Na ciki suna cewa a turo, na waje suna cewa a jawo. Ta taga aka riƙa miƙa musu shinkafa da kaji da lemo, ta saman kaina. Ba wadda ta ce ɗan nan ko ya ci.

Mai walda ya zo bayan la'asar ya yanke ƙyauren, kujera ta faɗa ciki, ya mayar ya liƙe. Tartsatsin ya ɗan taɓa gefen sabon labule, aka juya wurin ya koma bayan kujera. Labulen ma da kyar ya rufe: tagar ƙafa 4 tana son ƙarfe mai ƙafa 5, yadin kuma ya ninka ƙarfen sau 2 kafin ya yi tattara, mu kuwa da awon ango aka yanko shi a Kwari. Firji na hana a kunna, domin a kwance aka kawo shi, sai ya yi awanni a tsaye man injinsa ya koma mazauninsa. Wannan kaɗai aka ji maganata a kai, shi ma don soket ɗin kicin ba ya aiki.

Da magariba madubi ya samu gurbi a falo kusa da talabijin, durowar da ta rasa wuri ta koma kicin aka ɗora mata kular abinci. Kafinta yana tattara kayan aikinsa ya ja ni gefe ya ce, "Alhaji, sif ɗin nan a ciki na haɗa ta, ba za ta fita ba sai an wargaza. Kuma irin katakon nan in aka kwance noti aka mayar, ramin sakewa yake yi. A bar ta inda take."

Daidai nan ango ya shigo da abokansa yin sannu da aiki, ya durƙusa har ƙasa ya gaida Gwaggo. Ya leƙa uwar ɗaki, ya bi ta gefen gado a karkace, ya fito yana murmushi. Ya ce a yi haƙuri da ƙanƙantar wurin, ai hayar shekara ɗaya kawai ya biya, gininsa na Rijiyar Zaki ya kai linta, baɗi war haka in sha Allahu sun tashi.

Gwaggo ta ce, "Allah ya nuna mana. Ga yayanta nan, shi zai kwashe muku."