Ba ka san ranar da ake sakin ruwa ba, amma ka san iskar da gonata ke fitarwa?

Kun dai ga abin da ya faru a taron ranar Laraba, ba sai na maimaita ba. Mutum ya sha kwat, ya haska taswira a bango, ya shafe Kura da Kadawa da jan launi, wai manoman shinkafa ne ke ɗumama duniya, kwamfuta ce ta faɗa. Wani dattijo ya ɗaga hannu ya ce, "Ranka ya daɗe, a lissafin naka kwana nawa ruwa yake kwanciya a fangalina?" Shiru kake ji, malam ya ci shirwa. Can sai ya ce ai manhajar ta riga ta san wannan. Ta sani? Aljana ce?

Ni ba na gaba da lissafin kwamfuta. Manhaja irin DNDC, mai lissafin iskar da gona ke fitarwa, da aka ƙera a Jami'ar New Hampshire ta Amurka tun farkon shekarun 1990 aikin ilimi ce, na sara mata. Amma tulu ce, abin da ka zuba shi za ka ɗebo. Kuma abin da ya fi komai a cikin tulun nan ruwa ne.

Ruwa ne, jama'a. In ya kwanta a fangali ya toshe wa ƙasa numfashi, ƙwayoyin halittar da ke cikin laka sai su hau cin ruɓaɓɓen tushiya da bambaro suna fitar da iskar metan, yawancinta ma ta cikin karan shinkafar take bi ta fito. In ruwan ya janye ƙasa ta sha iska, metan ta ragu. To amma ka watsa yuriya a ƙasa mai danshi, ba ta jiƙe sharkaf ba kuma ba ta bushe ba, sai wata ta taso, naitiros oksaid, wadda ta ninka iskar kabon wajen riƙe zafi sau 270 da ɗoriya. Takin da ruwa ya wanke kuwa gangarawa yake, ya je ya yi tasa ɓarnar a fadamar wani. Gona biyu, buhun taki iri ɗaya, iri ɗaya aka dasa, amma ɗaya laka ɗaya jigawa, ɗaya a bakin kanal ɗaya a wutsiya. Ka ba su launi ɗaya?

Wasu sun biyo ni da cewa ai ƙa'idar IPCC, kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya kan sauyin yanayi, mai kwat ɗin ya bi. Ku huta. Ita kanta a 2006 ta ce kashi 1 cikin 100 na naitirojin ɗin taki ne ke tashi a matsayin naitiros oksaid a gonar tudu, amma 0.3 ta ba shinkafar da ke cikin ruwa. Su ma sun san ruwa ne. Masu cewa awo tsada gare shi, nawa ne bututun roba? Dabarar da cibiyar binciken shinkafa ta IRRI da ke Filifin ta yaɗa kenan: ka huhhuda shi, ka kafa a fangali, kada ka sake ban ruwa sai ruwan da ke cikinsa ya nutse santimita 15 ƙasa. Yaro ma zai leƙa ya rubuta a littafi. Manomin wutsiyar kanal kuwa ya daɗe yana busar da gonarsa ba da son ransa ba, ba wanda ya tafa masa.

Wallahi abin da ya sosa min rai dattijon nan ne. Ya fi shekara 30 yana shiga taɓo har gwiwa, da tafin ƙafarsa yake gane ƙasa ta ƙoshi. Amsar da manhajar ke nema tana bakinsa, aka ce ya zauna lokaci ya ƙure.

Af, shinkafar da aka raba mana da rana ma 'yar waje ce, doguwar nan. Na juya cokali na juya, nama yanka ɗaya, shi ma jijiya.