Nasiha Ga Matasa Masu Raina Fim Ɗin Cloverfield

'Yan'uwana matasa, musamman ku da kuke burin riƙe kyamara wata rana, ina so in ja hankalinku a kan wata ɗabi'a da ta yi mana katutu, wato yanke wa fim hukunci tun ba a yi minti goma da fara kallonsa ba. Na sha jin ana cewa Cloverfield, wanda Matt Reeves ya ba da umarninsa, J.J. Abrams ya shirya, aka kuma fitar da shi a watan Janairun 2008, ba shi da armashi, wai don hotonsa yana ta rawa kuma ba a nuna ƙaton dodon da ya far wa gari a labarin sosai ba. Wannan magana tana damuna ƙwarai, domin abin da ake kushewa shi ne ƙashin bayan fim ɗin.

An tsara labarin ne tamkar wani bidiyo da ma'aikatar tsaron Amurka ta tsinta bayan masifa ta auka wa birnin New York. Abokai sun haɗa wa wani saurayi mai suna Rob walimar bankwana saboda zai tafi aiki Japan, aka miƙa wa abokinsa Hud kyamara don ya ɗauki gaisuwar mahalarta. Ana cikin shagali sai ƙasa ta girgiza, wuta ta ɗauke, ba a jima ba kan mutum-mutumin 'Yanci (Statue of Liberty), shahararriyar alamar birnin, ya faɗo tsakiyar titi. Daga nan har ƙarshe, abin da kyamarar nan ta gani kaɗai mai kallo zai gani. Ba a kawo wani janar yana bayani a ɗakin taro ba, ba a kawo masanin da zai faɗi asalin dabbar ba, kuma babu kiɗan da ke raka labarin sai bayan an gama, lokacin da sunayen ma'aikata ke wucewa. Ƙarar gine-gine masu rushewa da numfashin masu gudu su ne suka maye gurbin kiɗa.

Ku lura da hikimar da ke cikin wannan. Wanda bala'i ya ritsa da shi ba ya samun cikakken labari. Ƙura yake gani, ihu yake ji, jita-jita yake tsinta, tunaninsa kuma yana wajen nasa da bai san halin da suke ciki ba. Shi ya sa zuciyar fim ɗin ta koma kan Rob da ya ƙi ficewa daga gari, ya juya ya nufi inda masoyiyarsa Beth ta maƙale a bene. Kuma da yake a kan tsohon kaset aka yi ɗaukar, jefi-jefi sai guntun hoton wata ranar farin ciki da su biyun suka yi a Coney Island, wurin shaƙatawa na bakin teku a New York, ya ɓullo a tsakiyar tashin hankali, ya tuna maka abin da ake shirin rasawa. A ganina wannan dabarar ta fi duk wata fashewa da ke cikin fim ɗin taɓa zuciya.

Finafinan manyan dodanni sun daɗe suna ɗauke da tsoron al'ummar da ta yi su. Godzilla na Ishiro Honda ya fito a Japan a 1954, shekara 9 bayan jefa bam ɗin nukiliya a Hiroshima da Nagasaki. Shi kuwa Cloverfield, wurin da ƙura ta turnuƙe titi mutane suka ruga cikin kanti, yana tuna wa Amurkawa hotunan da talakawa suka ɗauka da hannunsu ranar harin 11 ga Satumban 2001 a New York.

Ban ce ba shi da aibu ba. Rawar kyamarar ta sa wasu jiri, har wasu gidajen sinima suka manna takardar gargaɗi a ƙofa. Sai dai an yi shi da kimanin dala miliyan 25, kuɗin da ba su taka kara sun karya ba a ma'aunin Hollywood, ya kuma tara sama da miliyan 170, kuma ɓoye dodon na daga cikin abin da ya rage tsadar, ya kuma ƙara fargabar.

Don haka ina roƙonku ku sake kallonsa da dare, ku ajiye waya gefe, ku saurari sautin da kyau, kada kuma ku tashi kafin hoton ƙarshe na Coney Island. Ku zuba ido can nesa, inda wani abu yake faɗowa daga sama cikin teku.